Abin da littafin awon tela ya sani game da numfashinmu

Yayana tela ne a Aboabo, cikin Kumasi a ƙasar Gana, kuma tun 2003 bai taɓa yar da littafin awo ba. Suna nan a jere a kan kanta bayan keken ɗinki, wasu bangonsu ya cire, wasu man keke ya ɓata gefensu. Ana saura mako biyu babbar sallah na je taya shi hira, yara suna ta guga da sa maɓalli, sai na jawo tsofaffin ina buɗawa. Na bi sunan wani Alhaji da ya daɗe yana kawo ɗinki shagon. Tsawon riga bai canja ba, kafaɗa da hannu suna nan yadda suke. Awon ciki kuwa ya tashi daga inci 32 zuwa 35, daga nan 39, a littafin bana 44. Kashegari da la'asar sai ga shi ya zo karɓar shaddarsa. Matakala uku ce a ƙofar shagon. Da ya hau su ya zauna kan benci, ya dafa gwiwa, sai da ya jima kafin ya iya amsa gaisuwa. Yaya ya ce, "Alhaji, lafiya dai ko?" Ya ce, "Girma ne, Malam, girma ne ya zo." Mutumin bai cika hamsin ba.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma abin da na gani a shagon nan ya hana ni sukuni. Mu mutanen zango mun saba yi wa teɓa kirari. Namiji ya ajiye tumbi, a ce kasuwa ta karɓe shi. Amarya ta cika ta batse bayan wata shida, a ce ta samu gidan hutu. Idan haki ya biyo baya kuma sai mu ɗora wa shekaru, ko sanyi, ko ƙurar hunturu. Ra'ayina shi ne wannan kirari yana cin numfashinmu, yana cin na maza ta wata hanya, na mata ta wata, kuma lokaci ya yi da za mu ɗauki awon ciki da muhimmancin da muke ba awon hawan jini.

Duk shekara ina zuwa wurin mahauta in sayi huhun rago da maƙogwaronsa a haɗe, in kai aji. Ina zura bututu a maƙogwaro, yaro ɗaya ya hura, sai huhun ya tashi ya kumbura, launinsa ya koma fari-fari. Daga nan in sa wani yaron ya tallafe shi da tafin hannu biyu daga ƙasa ya ɗan matsa, a sake hurawa. Mai hurawa nan take yake jin bambanci a kumatunsa, kuma ƙasan huhun ba ya buɗewa. To abin da tumbi ke yi ke nan. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faffaɗan tantani na tsoka, shi ne yake sauka ƙasa idan mun shaƙi iska, ya ba huhu wuri. Wanda ya taɓa tsayawa ana feɗe ragon layya ya san farin kitsen nan da ke lulluɓe da hanji da tumbi. Mutum ma yana da irinsa, kuma idan ya yi yawa sai ya tokare tantanin daga ƙasa, ya hana shi sauka. Kitsen da ke kan haƙarƙari kuma ya danne daga waje.

Huhun namiji baligi yana ɗaukar iska kusan lita 6 idan ya cika shi maƙil, na mace lita 4 da ɗoriya. Numfashi ɗaya na mutumin da ke zaune bai wuce rabin lita ba. Abin da ƙiba ke fara ci shi ne iskar ajiya, wato wadda take zama a huhu bayan ka fitar da numfashi, wadda take riƙe ƙananan hanyoyin iska a buɗe. Wani bincike da mujallar Chest ta buga a 2006 ya nuna girman abin. Ɗauki mutum biyu masu tsawon mita 1.7, ɗaya kilo 58, ɗaya kilo 87. Iskar ajiyar na biyun ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na ta na farko ba, ragowar da zai iya matsowa waje da ƙarfi kuwa ba ta kai rabi ba. Kilo 87 fa. A majalisar shayi ta unguwarmu ba wanda zai kalli mai kilo 87 ya ce masa ƙato.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce nauyi ne kawai, kamar buhun masara a ƙirji. Amma kitse ba kaya ba ne da aka jibge a jiki yana kwance. Yana aiki, yana zuba sinadarai a jini, irin waɗanda ake kira homon, masu kai saƙo daga wani sashe na jiki zuwa wani. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke New York suka gano ɗaya daga cikinsu, aka sa masa suna leftin. Aikinsa na farko shi ne ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa rumbu ya cika, a rage ci. Ɓerayen da aka haifa ba su da shi ba sa ƙoshi, suna ci har su ninka 'yan'uwansu nauyi. Daga baya aka lura da wani abu kuma: numfashin waɗannan ɓerayen ba shi da ƙarfi, gurɓatacciyar iska tana taruwa a jininsu, musamman cikin barci, kuma da aka ba su leftin sai numfashin ya gyaru tun kafin su rame. Ashe saƙon da ke cewa a daina ci yana kuma taɓa wurin da ke ba da umarnin a ja numfashi.

Mai ƙiba ba rashin leftin ke damunsa ba, yawansa ne. Gwargwadon kitse gwargwadon leftin, har ƙwaƙwalwa ta daina saurarensa, kamar mai shago a bakin tashar Kejetia da ya daina jin ihun yaran mota. Yunwa ba ta kwanta ba, umarnin numfashi ya yi rauni, ga leftin ɗin ya cika jini. Shi kuma yana da wani hali: yana zuga sojojin jiki, yana rura kumburi, kuma a cikin hanyoyin iska da naman huhu akwai wuraren da yake kamawa. Akwai wani homon ɗin na kitse, adifonektin, wanda galibi shi ke kwantar da kumburi. Abin takaici, shi raguwa yake yi idan kitsen ciki ya ƙaru. Mai rura wuta ya yawaita, mai yayyafa ruwa ya ragu. A 2003 wasu masu bincike biyu daga Kanada suka duba bayanan dubban Amurkawa, suka buga a mujallar Thorax cewa ko a cikin maza da mata masu matsakaicin nauyi, waɗanda ƙarfin hura iskarsu ya fi rauni su ne leftin ya fi yawa a jininsu. Masana na ci gaba da tattauna wanne ke jawo wanne, amma tafiyarsu tare ta tabbata, kuma wannan ya ishe ni in daina kallon kitse a matsayin ado.

Inda maza da mata suka rabu shi ne wurin ajiya. Namiji a cikin ciki yake tara nasa, tsakanin hanji da hanta, daidai ƙarƙashin tantanin numfashi. Shi ya sa za ka ga mutum ƙafafu sirara, hannuwa sirara, ga tulu a gaba, sikeli kuma ya ce nauyinsa bai yi yawa ba. Adifonektin ɗin maza dama ya fi na mata ƙaranci, domin homon ɗin mazantaka yana danne shi. Sannan ga kaurin wuya. Minsharin da muke yi wa dariya a ɗakin samari da motar tafiya Tamale, idan ya kai mutum yana ɗauke numfashi cikin barci ya farka a firgice, ciwo ne mai suna a asibiti, ya fi kama maza, kuma yana tafiya da hawan jini da gyangyaɗin rana. Ku tuna direbobinmu nawa ne ke riƙe sitiyari daga Kumasi zuwa Bawku ko Wagadugu da irin wannan barcin a ido. Matan aure sun san wannan ciwo fiye da kowa, su ne ke kwana suna zungurar maigida ya juya, amma kunya ba ta barin su faɗa wa likita.

Tufafinmu ma suna taya mu ɓoyewa. Mai sa wandon bel yana ganin rami ya ƙare masa. Mu kuwa zariya ba ta gardama, kullum sai ta ɗauru, babbar riga kuma ta rufe sauran. Mutum zai ƙara inci goma ba abin da ya matse shi, sai ranar da ya sunkuya ɗaura takalmi ya ji numfashi ya tsaya, ko ya ga sujada ta fara yi masa tsawo a tarawihi.

Na mata ya fi ɗaure kai, kuma shi ya fi damuna. Mace kafin al'ada ta ɗauke mata, jikinta ya fi ajiye kitse a ƙarƙashin fata, a cinya da ɗuwawu, nesa da huhu. Ta wannan fuskar ta fi namiji sa'a. Sai dai kitsen ƙarƙashin fata ya fi na ciki zuba leftin, don haka leftin ɗin mace yakan ninka na namiji sau biyu ko uku ko da nauyinsu ya yi daidai. Huhunta kuma dama ya fi ƙanƙanta, ko tsawonsu ɗaya, hanyoyin iskarta sun fi ƙunci. Tun daga balaga asma ta fi yawa a mata, kuma alaƙar ƙiba da asma ta fi fitowa fili a wurinsu. Sannan idan al'ada ta ɗauke, homon ɗin mata ya ja baya, sai kitsen ya yi ƙaura ya koma ciki irin na maza. Ta haɗa biyu ke nan, kumburin da da matsin yanzu, a kan huhun da tun farko bai kai na namiji girma ba.

Goggona ƙanwar mahaifinmu ta fi shekara ashirin tana sayar da wake da shinkafa a Asawase. Ƙarfe uku na dare take tashi, ta hura itace a ƙarƙashin manyan tukwane biyu, miya da taliya kuma a kan gawayi, a wani lungu da ba taga. Bayan ta wuce hamsin sai zaninta ya fara gaza zagaye ta, ƙirjinta ya fara kuka kamar 'yar mage duk hunturu. Kowa ya ce sanyi ne, aka yi ta dafa mata citta da kanumfari. Ranar da na shiga ɗakinta na tarar ta jera matashi uku tana barci a zaune, na ce, "Goggo, tun yaushe kike kwana haka?" Ta ce, "Ɗana, ai na manta rabon da in miƙe a katifa. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora min turmi." Ta yi shekaru tana zuwa asibiti karɓar maganin hawan jini, ana ɗaura mata abin awo a hannu, ana ɗora ta kan sikeli, ba a taɓa zagaya mata tef a ciki ba, ba a taɓa ba ta na'ura ta hura ba. Da muka matsa aka yi gwajin, aka duba zuciyarta aka ga lafiya lau, sai ga asma, ga huhu a matse. Hayaƙin shekara ashirin ya yi nasa, kitsen ciki ya zo ya ƙarasa.

Goggo ba ita kaɗai ba ce. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta gudanar a 2014 ya samu mata 40 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, maza kuma 16. A na 2022, a cikin mata masu shekara 20 zuwa 49, abin ya kai rabi. Birane irin Kumasi da Akra su ne kan gaba. A kan wannan ne kuma muke ƙara wani abu da hannunmu: maganin ƙiba, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira sha-ka-fashe. Ana gab da biki sai a fara ɗura wa yarinya ruwan buɗe ciki da ƙwayoyi don ta cika ido ranar kai amarya. Daga cikin ƙwayoyin har da deksametason, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don manyan cututtuka. Wanda ya daɗe yana shan sa, kitse yana taruwa masa a fuska da ƙeya da ciki, hannu da ƙafa su sirance, suga da hawan jini su tashi, garkuwar jiki ta yi rauni. Wato da kuɗinmu muke sayo wa 'yar shekara ashirin irin cikin da ke danne huhu. Wadda ta riga ta saba da shi kuma kada ta yanke rana ɗaya, hatsari ne, sai ta je likita ya rage mata a hankali.

Na san abin da za a ce mini, domin an faɗa mini a gidanmu. Za a ce a unguwar da wani ke kwana da yunwa, maganar rage ci maganar masu ƙoshi ce. Za a ce matar da ta rame a gidan miji, dangi cewa za su yi ba ya ciyar da ita, maƙwabta kuma su fara raɗe-raɗin wani ciwo. Duk gaskiya ne, kuma ban yarda a mayar da wannan magana sandar dukan mata ba. Wadda ta haihu biyar, take yini a zaune a bakin tukunya ko a rumfar kasuwa tun asuba har magariba, ba lalaci ne ya sa ta ƙiba ba. Abinci mai araha a garin nan shi ne tuwo da dokunu da burodi da mai da suga, kifi da ganye da 'ya'yan itace su ne masu tsada. Wanda ya ce ta fita tattaki, ya nuna mata inda za ta taka tsakanin kwata da babura da firagiya, wato keken haya mai ƙafa uku. Amma talauci bai sa huhu ya ƙara faɗi ba. Mai kuɗi idan numfashi ya gaza yana da asibitin kuɗi, Goggo kuwa ranar da ba ta hura wuta ba, ranar ba ciniki. Talaka ya fi kowa buƙatar a gaya masa da wuri.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, kuma idan ba makawa, to sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Tun muna makarantar allo muke jin sa, amma yawanci a babin ladabin cin abinci ake tsayawa. Ina roƙon malamanmu su tsaya a kan sulusin ƙarshen nan a huɗuba da wa'azin mata, su faɗa da baki cewa wurin numfashi hakki ne na jiki, kuma ramar amarya ba abin kunyar miji ba ce. Maganar da liman ya faɗa ranar Juma'a tana shiga inda takardar asibiti ba ta shiga.

Ga hukumomin lafiya kuma, abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Tef ɗin awo sidi nawa ne? Duk inda ake auna hawan jini, a ƙananan asibitocin unguwa da wuraren awon masu juna biyu da na rigakafi, a riƙa zagaya tef a rubuta a kati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: namiji daga santimita 94, wato inci 37, hatsari ya fara, daga 102 ya tsananta, mace daga santimita 80, ya tsananta daga 88. Na'urar gwajin huhu kuwa, wadda ake hurawa ta auna yawan iska da saurinta, tun 1846 John Hutchinson ya fito da ita a Landan, yanzu har akwai ta tafi-da-gidanka. Bai kamata sai mutum ya kai babban asibitin Komfo Anokye kafin ya hura ta ba. Tun 2023 gwamnati na karɓar harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemunan kwalba masu suga, ga kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017. A ware wani abu daga ciki a sayi na'urorin nan, a koya wa ma'aikatan jinya aiki da su, a sa gwajin ya zama abin da mai katin inshorar lafiya zai samu a kusa da gida. Gwajin jini na leftin ba shi muke buƙata ba, wannan na masu bincike ne. Tef ya isa ya nuna inda kitsen yake.

Haki kuma ba kullum ƙiba ba ce. Yana iya zama zuciya, ko ƙarancin jini, ko tarin fuka, shi ya sa wanda numfashinsa ya canja ya je a duba shi, kada ya yanke wa kansa hukunci a gida. Idan kuwa kitsen ne, to abin yana komawa baya. Iskar ajiya tana dawowa idan ciki ya sauka, kuma mai asma da ya rage ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa yakan ji sauƙi. Goggo ta fitar da murhunta tsakar gida, ta daina shayi mai madarar gwangwani da suga cokali huɗu, tana shaƙar maganinta safe da dare, tana takawa zuwa kasuwar Asawase maimakon hawa firagiya. Matashi ɗaya take sawa yanzu.

Akwai awon da ba ya buƙatar ko tef. A yanki zare daidai tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a ninka shi biyu, a zagaya ciki tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, ba can ƙasan tumbi inda wando ke zama ba. Idan bakin zaren bai haɗu ba, ciki ya wuce rabin tsawo, kitsen ya fara shiga wurin huhu. Na nuna wa Yaya wannan a shago. Da farko ya ƙi, ya ce, "Kai Malam, so kake in kori masu kawo min ɗinki?" Na ce ba sai ya yi wa kowa wa'azi ba, lambar da ke littafinsa kawai zai nuna wa mai ita. Bayan sallah Alhajin nan ya dawo da yadi biyar na kaftani. Yaya ya auna shi, ya rubuta, sannan ya jawo littafin 2004 ya buɗe, ya ajiye su gefe da gefe a kan teburin yanka, ya sa yatsa a kan 32, ya sa wani a kan 44. Alhaji ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ce a miƙo masa zaren.